Na Dafa Shi

Litinin da safe

Zuwa ga jikata, amaryata, likitar gobe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan karatunki. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ita ke fara sanin za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Babanki ya aiko daga wurin aikinsa, lafiyarsa lau. Mai Ɗinki maƙwabciyarmu tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kin ɗan yi kumari ko har yanzu kina nan kamar allurar kekenta.

To, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. An ƙyanƙyashe!

Kin tuna na rubuta miki ranar da mota ta take agwagwarki Mai Rangwaɗa a bakin kwata, ta bar ƙwai bakwai saura kwana goma su fashe. Na roƙi Mai Ɗinki aron kazarta mai kwanci, na zuba mata su. Shida sun lalace, kada ki tambaye ni warinsu. Na bakwai kuwa, ranar Asabar da yamma na leƙa akurki sai na ga ɗan tsagi a jikinsa, wani abu kamar kan ƙusa yana turowa daga ciki. Jiya Lahadi tun da safe na jawo kujera na zauna a gabansa. Amarya, tun ranar da aka miƙo mini ke a cikin zane ban sake irin wannan zama ba. Shayina ya huce a hannuna ban sani ba. Sai bayan azahar ya banke ƙwanson ya faɗo, jiƙe sharkaf, kamar tsumman da aka tsamo daga bokiti. Da ya bushe sai ga shi ruwan ɗorawa, da ɗigon baƙi a tsakiyar ka, irin na uwarsa sak.

Kazar ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa masu fata, ta kai masa sara har sau biyu. Na yi maza na ɗauke shi. Mai Ɗinki ta ce, “Kazata ta fi ka wayo, tsoho, ta san ɗan wani.” Na ce ɗan wani a wurinta, jika a wurina. Na sa masa suna Ɗan Saura, tun da shi ne ya saura.

Na je tsohon wurin aikina, mutumin da ke kan injin niƙa yanzu ya ba ni dusa mai laushi cike da leda. Na zuba a kwali na yi masa shimfiɗa, ni da kaina na yi sha'awar kwanciya a kai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro tun ban karya ba. Numfashinsa bai yi mini ba. Yana buɗe baki yana rufewa, yana miƙa wuya sama kamar wanda abu ya tsaya wa a maƙogwaro. Ɗan ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri, har wutsiyar tana bugawa tare. Kin san shekara talatin a gindin inji sun cinye mini kunne, sai an yi ihu a na dama nake tsintar kaɗan. Don haka na kira Mai Ɗinki ta kara nata kunnen. Ta ce tana jin wani ƙis-ƙis kamar zare ya sarƙe a keke. Ta kuma ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne shirunsa, wai ɗan tsako mai lafiya ba ya rufe baki da kuka, wannan kuwa ko uffan. Bai ci ba, bai sha ba. Ta ce in ɗura masa ruwa da cokali, na ce a'a, sai na ji daga likitata.

Na san za ki ce da waya ta fi sauri. Inda aka tura ku koyon aiki babu sabis, ni kuma ko da akwai, waya a kunnena daidai take da dutse. Ban da haka, ban yi shekara uku a kan bencin ajin yamma da furfurata ba don wani ya riƙa tsaya mini tsakanina da jikata. Direba mai kawo miki takardar nan zai tashi ƙarfe goma, gobe zai juyo. Ki ba shi amsa.

Ranar da za ki tafi kin ce, “Kaka, ga amanar Mai Rangwaɗa.” Uwar ta kuɓuce mini. Wannan kaɗai ya rage a hannuna, ba na so shi ma ya kuɓuce. Amma raina yana ba ni zai tashi. Wanda ya fasa ƙwanso shi kaɗai cikin bakwai ba rago ba ne.

Ni ne angonki, kakanki,
da hannuna na rubuta.


Litinin da yamma

Kaka, angona na kaina,

Na gaishe ka, na gai da gwiwa. Ni lafiya lau, sai tsayuwa da ta yi yawa. Ka gaya wa Mai Ɗinki allurar tana nan, amma yanzu ita ke yi wa mutane allura, ta yi hankali da ni.

Da na karanta “an ƙyanƙyashe” ihu na yi a bakin mota, har Direba ya ce ko na ci jarrabawa ne. Kaka, ka yi ƙoƙari. Allah ya bar mini kai.

Ni jikin mutum nake koya, ban san na agwagwa ba, shi ya sa na ruga wurin malamin dabbobi da ke bayan asibitinmu, na karanta masa wasiƙarka. Da na zo kan dusa sai ya kama kai, ya ce, “Wa ya shimfiɗa wa ɗan kwana ɗaya dusa?” Na ce angona ne, a yi masa a hankali. Ya ce hancin agwagwa ƙananan ƙofofi ne guda biyu a saman baki, shi kuma ya fito da danshi, ƙurar dusa takan manne a ciki ta bushe ta toshe. Ya ce yana iya zama sanyi ne ya shige shi, yana iya zama duka biyun, ba zai rantse ba tun da bai gan shi ba.

To ka zubar da dusar nan yau, ka shimfiɗa masa tsohon tawul mai tsabta. Ka cika kwalba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma, ka ajiye a gefe ɗaya na kwalin, in ya ji sanyi ya matso, in ya ji zafi ya ja baya. Kada kwalbar ta huce. Ka kyauta da ba ka ɗura masa ruwa ba, da ya shaƙe. Ka zuba masa a murfin gwangwani yadda zai tsoma baki har hanci da kansa, ka jefa 'yan tsakuwa a ciki don kada ya shiga ya jiƙe. Rashin cin bai kai abin tsoro ba tukuna, wai sukan fito da guzurinsu a ciki na kwana biyu. Bayan nan ka marmasa masa gwaiduwar ƙwai.

Babban aikin shi ne tururi. Ka tafasa ruwa a tukunya, ka sauke, ka kai shi wurinta, ka lulluɓe da zane, minti goma, safe da yamma. In abin da ke hancin ya yi laushi sai ka jiƙa auduga ka share a hankali. Ban da tsinke, Kaka. Na san ka da son zungure abu.

Kana da agogo, ka riƙa ƙirga numfashinsa a minti ɗaya kana rubutawa, haka muke yi wa majinyata. Kai ne nas ɗinsa yanzu, ni ce babbar likita. Ina jiran rahoto ranar Alhamis.

Jikarka, amaryar da ba ta da kishiya sai agwagwa.


Alhamis, a tasha

Amarya,

Gaisuwa. Muna lafiya. A kan bonet ɗin Direba nake rubutu, ya riga ya ta da mota yana harara ta, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Na makara ne saboda Ɗan Saura.

Dusa na zubar. Kwalba na yi. Bai ci gwaiduwar ba sai lasa ɗaya.

Na tafasa ruwa a tukunya kamar yadda kika rubuta, na kawo shi, na lulluɓe. Da farko ya yi ta mutsu-mutsu. Can sai ya yi lakwas, ya daina buɗe baki. Na dafa shi sosai, minti goma cif da agogo, ban rage ko ɗaya ba. Yanzu ya huta. Mai Ɗinki ta ce ba ta ƙara jin ƙis-ƙis ɗin.

Sauran bayani sai Litinin. Direba ya miƙo hannu.

Kakanki.


Juma'a da safe

Kaka,

Ina fata kana lafiya.

Sau huɗu na karanta takardarka. Ban ci komai ba tun jiya.

Tururi na ce, Kaka. Tururi. Na ce ka kai shi wurin tukunya, ban ce ka sa shi a ciki ba. Wane irin mutum ne zai ga ɗan tsako yana mutsu-mutsu a ruwan zafi ya tsaya yana duba agogo? Ka dafa shi minti goma cif, har kana faɗa mini ba ka rage ko ɗaya ba, kamar abin a yaba maka. Dole Mai Ɗinki ta daina jin ƙis-ƙis. Me ya rage da zai yi ƙis-ƙis?

Na san ba da gangan ka yi ba. Na yi ta juya maganar da na rubuta, na ga ban ce “daga nesa” ba, ban ce “ka riƙe shi a hannu” ba. Ana koya mana kullum mu yi wa mai jinya bayani yadda ba zai ɓata ba, ga shi majinyacina na farko na kashe shi da biro. Amma kai ma da ka ga abin bai yi kama da hankali ba, me ya hana ka miƙa wa Mai Ɗinki ta karanta maka? Laifina ne da na ɗauka karatun yamma ya isa a damƙa wa mutum rai a takarda.

Mai Rangwaɗa tun tana 'yar mitsitsiya na raine ta. Yanzu babu ita, babu ko ɗaya nata.

Ka binne shi a gindin bishiyar lemo. Kada ka jefa a kwata.

Jikarka.


Talata da safe

Kakana,

Ina gaishe ka gaisuwar mai laifi. Ban san ta inda zan fara ba, bari in fara ta inda abin ya same ni.

Ranar Asabar aka kawo mana wani dattijo, sa'anka, numfashi yana yi masa wuya. Sista mai kula da mu ta ce in ƙirga numfashinsa. Na tsaya daga gefen gado ina kallon rigarsa, rigar kuwa mai faɗi ce, ban ga komai ba. Sai Sista ta daka mini tsawa, ta ce, “Ke, kallonsa kika zo yi? Dafa shi ki ƙirga!”

Na ɗora hannu a ƙirjinsa. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai maganar ta dawo mini a kunne. Dafa shi. Kaka, ƙirgan ya tsere mini. Na tsaya da hannu a ƙirjin bawan Allah, bakina a buɗe, har ya ce, “'Yata, lafiya? Ko ni zan ƙirga naki?” Sista ta ce in ba zan iya ba in koma gida in sayar da goro.

Ana tashinmu na ruga ɗaki na zaro takardarka. Na dafa shi sosai, minti goma. Kai da ba ka ji, da me za ka san numfashinsa in ba da hannu ba? Ni ce fa na ce ka ƙirga. Ni da nake yarinya ina kai maka abinci wurin inji, sau nawa na ga ka ɗora tafi a kan murfinsa ka ce wa mai injin gobe bel zai tsinke? Kalma ɗaya ce a takarda, ta tukunya da ta hannu, ni kuma na zaɓi ta tukunya na jefa ka a ciki.

Amma har yanzu ban sani ba. Ka ce ya yi lakwas, ka ce ya huta. Hutun barci ko wancan hutun? Jiya tun kafin mota ta tsaya nake bakin hanya. Direba ya juya mini tafin hannu, ya ce babu saƙo. Na ce bai gan ka ba ne? Ya ce ya gan ka, ka zo tasha, ka tsaya daga nesa, ya yi maka alama da hannu ka girgiza kai ka juya. Ya ce tun da ka zo har ka tafi hannunka na dama yana kan ƙirjinka, kana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kaka, ƙirjinka ne? Tun yaushe? Yana sauka zuwa hannu? Kana gumi? In haka ne kada ka jira mota, ka sa Mai Ɗinki ta raka ka asibiti yau. In maganata ce ta jawo, ban san inda zan sa kaina ba.

Abin da na faɗa a kan karatunka, ni ce ban iya karatu ba. Shekara goma sha huɗu ina zaman aji, kai uku, ga shi kai ka rubuta daidai ni na karanta a karkace. Ka zage ni, ka ce ka sake ni, ka auri agwagwa, duk na yarda. Amma ka rubuto. Ko layi ɗaya ne.

Jikarka mai kunnen ƙashi.


Laraba da yamma

Zuwa ga amaryata da na fasa saki,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata lau, ƙirjina garau, gwiwa ce kawai ke tsegumi. Ɗan Saura yana raye. Na sa wannan a sama don ki samu ki haɗiye abinci kafin ki karanta sauran, don sauran da tsawo. Yau ba a kan bonet nake ba, a kan teburina nake, na cika biro da niyya.

Ba zan ɓoye miki ba, takardarki ta Juma'a ta yi mini zafi. Farko ma ban gane ba. Ina karantawa ina duban kwali, ga wanda aka ce in binne a gindin lemo yana tsaye yana tsoma baki a murfin gwangwani. Na ce yarinyar nan ko aiki ya taɓa mata kai. Sai da na kai kan karatun yamma na ajiye takardar. Amarya, ina da shekara sittin da biyu na fara riƙe fensir. Yatsuna sun saba da sifanar ɗaure inji, sai da Malama ta riƙa lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na rubuta sunanki ba tare da na kalli allo ba, ban gaya wa kowa ba, amma da rawa na iso gida. Shi ne aka ce bai isa ba. Na rubuta miki amsa uku, duka na yaga. Ta farko da kin karanta da ke kika nemi saki.

Ranar Litinin na je tasha da niyyar in ce wa Direba ya gaya miki da baki yana raye. Da na hango shi sai zuciya ta ce, wato ka yarda rubutunka bai isa ba ke nan, sai an kai maka da baki? Na juya. Wannan laifina ne, na bar ki kwana uku cikin zulumi saboda girman kai. Mun yi ɗaya da ɗaya.

Daga tasha ban zarce gida ba, na jira yamma na nufi ajinmu na dā. Na samu Malama tana koya wa sababbin tsofaffi. Na ba ta takardarki, na kuma rubuta mata a allo abin da na rubuta miki, na ce ta nuna mini kuskurena a gaban kowa, in akwai in koma benci. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta dafa tebur, kin ji, ta dafa shi, ba ta sa shi a tukunya ba, ta yi ta dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta matso kunnena na dama ta ce, “Baba, babu kuskure. A baki ɗaya ana jan ta, ɗaya ba a ja, amma a takarda kamarsu ɗaya.” Na ce to me ya sa ba ku gaya mana ba tun farko, kuka bar mu muna yawo da abu mai kaifi biyu a aljihu? Wani mai gyaran takalma daga bencin baya ya ce ai gari ma haka ne. Na tsaya. Shekara talatin ina niƙa gari a tsakiyar gari, ban taɓa lura ba! Ajin ya kaure, kowa yana kawo tasa, ranar dai ba a yi darasi ba. Na ce wa Malama ni daga yau in ta hannu nake nufi zan ƙara mata baƙi. Ta ce ba haka ƙa'ida take ba. Na ce ƙa'ida ba ta da jika.

To ga yadda aka yi ranar tururi. Na sauke tukunya na ajiye a ƙasa, na zauna a kujera, shi yana tafin hannuna a kan cinya, tsakaninsa da tukunya ya fi kamu biyu, na ja zane na rufe mu tare. Ban yi wa ɗan kwana uku wankan zafi ba, ban haukace ba tukuna. Nan da nan tabarau ya yi hazo. Ga ni ba ido, ba kunne. Da ya yi lakwas gabana ya faɗi. Sai na daaafa shi, ki ƙirga baƙaƙen, da yatsu biyu a ƙirji, yadda nake yi wa inji. Na ji abin yana bugawa da sauri ƙwarai, da wata 'yar kakkarwa a kowane ja, irin ta bel da ya bushe. A hankali kakkarwar ta riƙa raguwa. Ashe daɗin ɗumi ne ya sa shi barci. Na buɗe zane, na share hancin da auduga. A karo na uku, ranar Alhamis da safe, wani abu kamar ƙwayar riɗi ya fito daga ƙofar hagu, dusa ce ta daskare. Dusar da na ɗauko da hannuna don in kyautata masa. Ki gaya wa malamin dabbobi ya yi gaskiya, ya kuma daina kama kai.

Ranar Asabar aka yi ruwa da iska. Na je rufe tagogi da kwashe shanya, na manta da kwalba, ta huce. Na dawo na same shi a takure a lungun kwali, ya koma buɗe baki. Ban tsaya dafa wani ruwa ba, wannan ta tukunya ce, na ɗauke shi na jefa a aljihun gaban rigata. Ya lafe. Mai Ɗinki ta gani ta ce, “Cire rigar nan, tsoho, kada ka murƙushe ɗan mutane.” Ta ɗinka mini babban aljihu daga ciki, ta sa masa ƙyalle mai taushi. Kwana uku a nan ya zauna, sai in zai ci ko zai sha, ko in zan kwanta. Abin da Direba ya gani ke nan. Ba ciwo nake dafe da shi ba, majinyacinki ne. Rigar dai ba za ta sake zuwa taro ba, don bai san bambancin aljihu da bayan gida ba.

Ƙirga kuwa ina yi. Ranar farko saurinsa ya fi bakina, na kai wani wuri na ɓace. Zuwa Litinin ina ƙirgawa har ina haɗiye yawu a tsakani. Yana cin gwaiduwa, yana bin yatsana a kan tabarma, in ya sha ruwa sai ya watsa mini a fuska.

Saura abu ɗaya.

Jiya Talata, bayan na karɓi takardarki, na mayar da shi kwali don rana ta fito. Ina juya baya sai na ga ya miƙa wuya sama yana buɗe baki yana rufewa, ya fi na ranar farko ma. Na sa shi a aljihu, ya daina. Na ajiye, ya koma. Na yi tururi, na share hanci, babu komai a ciki. Na daaafa shi, sai na ji wata sabuwar kakkarwa mai ƙarfi tana tasowa daga ƙirji har wuya, irin wadda ban taɓa ji a jikinsa ba. Na ce shi ke nan, abin ya sauka ƙasa inda auduga ba ta kai. Mai Ɗinki ta tafi kai ɗinki ba ta dawo da wuri ba, babu wanda zai ara mini kunne. Yau da safe ma haka. Da hantsi na zauna a teburin nan, na rubuta gaisuwa, na tsaya ina neman yadda zan gaya miki wannan karon da gaske ne, ki shirya zuciyarki.

Sai ga Mai Ɗinki ta banko ƙofa, tef a wuya, almakashi a hannu. Ta zo daidai kunnena na dama ta ce, “Tsoho, ka yi wa jikanka magana! Tun da gari ya waye ya hana ni jin kekena. Na ɗinka hannun riga a baibai saboda shi!”

Na ce me kika ce?

Ta ce, “Kuka! Ihu yake yi! In ka ajiye shi sai ya tara mana unguwa!”

Na ce sake faɗa.

Ta ce, “Ka ji ni sarai, daɗin ji kake yi.”

Gaskiyarta. Amarya, a idon kurma mai neman iska da mai kiran kakansa kamarsu ɗaya. Kwana biyu yaron nan yana ƙwala mini kira da dukan ƙirjinsa, ni kuwa ina yi masa tururi ina shirya masa makoki. Na ce wa Mai Ɗinki ta kwatanta mini yadda kukan yake. Ta ce ita ba agwagwa ba ce. Na ce don Allah. Ta waiga ta ga babu kowa, ta miƙa wuya, ta tsuke baki ta yi mini a kunne, tsiyu, tsiyu, tsiyu. Daidai nan wata mai karɓar ɗinki ta leƙo tana sallama. Mai Ɗinki dai ba ta yi mini magana ba tun ɗazu, amma ta aiko da ƙyalle na biyu.

Na yaga waccan takardar, na ɗauko wannan. Yanzu haka yana kan teburin, ya taka mini layi biyu, tambarin ƙafar da kike gani a ƙasa nasa ne. Bakinsa a buɗe yake, ban san me yake cewa ba, ina jin gaisuwa ce.

Ki tsaya ki koyi aikinki, ki gai da Sista da dattijon da kika bari babu ƙirga. In an ba ku hutu, ki taho da abin toshe kunne na mutum biyu, ke da Mai Ɗinki. Ni inji ya riga ya yi mini nawa.

Ni ne kakanki, nas ɗin Ɗan Saura,
da hannuna na rubuta.